Likkafanin Inno da Matar Dutse

Malumfashi,
Satumba, 1986

Zuwa ga taubashina Muntaka tela, a Jidda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan kana lafiya kai da keken ɗinkinka. Mu nan lafiya lau, damina ta yi albarka, auduga ta yi kyau a gona. Maigidana Malam Abubakar yana gaishe ka. Yaran makaranta suna nan suna cinye min murya kamar kullum.

Mahaifiyarka Inno da sauƙi, amma irin sauƙin tsufa. Idon ya ƙara dushewa, ƙafa kuma iyakarta bakin ƙofa. Tun bara ta bar zuwa wankan gawa, aikin da ta yi wa matan garin nan tun ba a haife mu ba. Har yanzu ni ke zuwa ina karanta mata wasiƙunka, kamar yadda Baba ya ɗora min tun yana raye, tunda kakansu ɗaya da ita.

To bawana, matso ka yi wa uwargijiyarka bayani. Alhazai sun dawo. Mun je taryar Alhaji Salihu, ya ba mu dabino da tasbaha, amma babu farin Inno. Ya ce ya damƙa maka shi hannu da hannu, kun shiga Makka tare, da idonsa ya ga ka tsoma shi a ruwan zamzam. Da zai wuce Madina ka ce ya bar maka ya bushe, za ka kawo masa ranar tashi. Ranar tashi tsoho ya yi ta waige har aka kira jirgi, ko ƙeyarka bai gani ba.

Ka fi ni sanin abin da farin nan yake. Audugar gonar babanka ce. Ita ta gurje, ta shiɓa, ta kaɗa da mazarinta shekara da shekaru, Lado masaƙi ya saƙa, ta haɗa saƙar da allura da hannunta. Likkafaninta ne. Ta ce ta lulluɓe matan mutane da abin da aka samu, ita tana son ta tafi cikin zarenta, wanda hannun ɗanta ya jiƙa da zamzam. Ba ta taɓa roƙonka wani abu ba sai wannan.

Duk ranar da na shiga sai ta tambaye ni ko an ji labari. Na ce mata wataƙila bai gama bushewa ba, ta ce, "A ranar Makka?" Ka ga inda ka jefa ni. Ka rubuto da gaggawa.

Taubashiyarka,
Rabi'a

*

Nuzla, Jidda,
Oktoba, 1986

Zuwa ga Malama Rabi'a.

Amin, wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, na ji daɗin labarin damina. Wasiƙarki ta same ni a shagon Hamad da ke Bab Makka, inda nake ɗinki. Lafiyata ƙalau, aiki da godiya. Iƙama dai, takardar izinin zama, har yanzu babu, ina nan ina bin gefen bango idan na hango motar masu kame. Ki gaishe min da Malam Abubakar.

Ki durƙusa wa Inno a madadina, ki ce ina neman gafara. Farin bai ɓata ba. Yana nan a ninke a ƙasan akwatina. Ranar tashin Alhaji na fito da shi zan kai masa, wani aiki ya tare ni, ban samu zuwa ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Amma ina da shawara, kuma ke kaɗai za ki iya shigar da ita. A nan Bab Makka akwai farin yadi na Masar, mai laushi, irin wanda manyan mutane suke saya don wannan ranar. Zan yanko mata mai faɗi, in sa a kawo min zamzam in jiƙa shi da hannuna, in aiko da mai dawowa na farko. Waccan saƙar ta yi kauri, kuma ta daɗe a ajiye. Ki lallashe ta da bakin nan naki da ba ya gajiya, ko Allah zai sa ta yarda.

Kada ki tsananta tambaya, don Allah.

Naki,
Muntaka

*

Malumfashi,
Nuwamba, 1986

Muntaka,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ka ci doguwa ba. Muna lafiya. An fara cirar auduga.

Ni za ka aika in gaya wa matar da ta ƙarar da idonta a kan mazari cewa zarenta ya yi kauri? Nemi jirgi ka zo ka faɗa da bakinka. Na karanta mata gaisuwarka da neman gafararka, na haɗiye sauran. Yadin Masar kuma ka ɗinka wa kanka riga da shi.

Ka ce kada in tsananta tambaya, to gari ya tsananta a madadina. Wasu sun ce ka ƙona shi da dutsen guga. Wasu sun ce ka sayar. Matan layinku kuma sun gama yanke hukunci, sun ce ka yi aure a ɓoye a can, amarya ta ga saƙar gida ta ɗaura. Ni da kaina na fara yarda da wannan, don na san ka, tun muna yara idan ka ce "wani aiki" kana sunkuyar da kai, to akwai mace a ciki ko da mai sayar da ƙosai ce ta yi maka murmushi. Idan aure ka yi ba laifi ba ne. Ka faɗa, mu yi guɗa, ka karɓo zanen daga ƙugunta.

Ga abin da ya sa na ajiye wasa. Shekaranjiya na shiga na tarar da Inno ta sa an ɗauko mata mazari da alli da sabuwar auduga. Tana zaune a bakin ƙofa tana kaɗi, ita da ba ta bambance fuskata da ta maƙwabciya. Zaren yana tsinkewa, tana lalube tana ƙullawa. Na ce Inno me za ki yi da shi? Ta ce, "Hannu ne ya gaji da zama." Ba ta ambaci sunanka ba ko sau ɗaya, kuma da ta zage ka da ya fi min sauƙi. Na fito ina share hawaye da gefen mayafi kamar ni na yi laifin.

Ba ta da kwanan da za ta kaɗa wani likkafanin, Muntaka. Ka gaya min gaskiya.

Rabi'a

*

Nuzla, Jidda,
Disamba, 1986

Zuwa ga Rabi'a.

Bayan gaisuwa da fatan kun gama cirar auduga lafiya. Ni jikina lafiya. Na karanta labarin mazarin. Zan faɗa miki. Ki karanta ke kaɗai, a inda ba kowa.

Ban yi aure ba. Amma kin canka, akwai mace a ciki, sai dai ta dutse ce.

Ranar tashin Alhaji na biya shago da ƙunshin a hammata don in nemi izinin fita. Ina shiga Hamad ya ce, "Yalla, ɗauko tef ɗin awo, shiga mota." Na ce ina da saƙo. Ya ce aikin ɗan lokaci ne, babban mutum ne, ba a ce masa gobe. Wanda ba shi da iƙama ba ya jayayya da mai shagon da ya rufa masa asiri, sai na shiga. Muka yi arewa can wajen bakin teku, wani sabon gida na wani attajiri da ba zan rubuta sunansa ba.

A tsakar gidan akwai babban akwatin katako a tsaye, leburori sun kewaye shi suna cire ƙusoshi. Na ɗauka labule zan auna. Da suka janye katakon gaba suka yaye ciyawar da aka cusa, sai ga mace tsaye, farar dutse, tsawonta ya ɗan fi nawa, ko zare babu a jikinta. Rabi'a, komai an yi mata. Har lanƙwasar cibiya, har yatsun ƙafa da farce. Attajirin ya sayo ta daga Italiya don lambunsa, yadda ta shigo ƙasar nan ban tambaya ba. Mahaifiyarsa kuma ta rantse ba za ta taka gidan ba muddin abin nan yana tsaye haka, shi ya sa aka nemo tela.

Leburorin suka fashe da dariya. Wannan ya shafa nan, wancan ya faɗi maganar da ba zan maimaita miki ba. Ni na rasa inda zan sa idona. Na dubi ƙasa, na dubi bango, sai na yi kuskuren duban ta. Ta ɗan rusuna, ta haɗe gwiwoyi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙasa, ta juyar da fuska gefe. Kin san yadda mace ke yi idan iska ta kayar da zanan banɗaki tana wanka. Haka take, a gaban ƙarti, ba ta da inda za ta gudu.

Wallahi ban yi tunani ba. Na dai ga hannuwana sun kwance ƙunshin, na hau kan katakon, na lulluɓa mata tun daga ka. Sai da dariyar ta tsaya, na sauko, sannan na gane abin da na shimfiɗa da abin da na shimfiɗa shi a kai. Likkafanin uwata, da zamzam a jikinsa, a kan gunki. Na miƙa hannu zan janye, wakilin gidan ya ce, "Halas, bar shi haka, ka yi dabara. Hajiya za ta zo da la'asar. In ka gama rigar ka ɗauki tsummanka." Tsumma ya ce. Na buɗe baki zan yi bayani, na tuna ko wane ne ni a ƙasar nan, na rufe. Ta ƙarƙashin farin na zura hannu na yi awo, idona a rufe, har awon ya fito ba daidai ba. Lokacin da muka bar gidan jirgin Alhaji ya tashi.

Akwai wani tsoho Bamisre a wurin, Am Othman, mai aikin dutsen marmara, shi aka ɗauko ya kafa ta. Da na koma sake awo ya ga yadda nake, ya ba ni shayi. Ya ce wannan kwaikwayo ce, ta asalin mutanen Girka suka sassaƙa tun kafin Annabi Isa. Wai da farko maza kaɗai suke sassaƙawa tsirara, samari masu tsere da kokawa, don a wurinsu haka ake fita filin wasa, mata kuwa sai da tufa. Ranar da wani ya fara yin mace ba komai a jiki, garin da suka ba shi aikin suka ce a kai kasuwa, suka zaɓi mai tufa. Wani gari ya saya, mutane suka riƙa hawa jirgin ruwa suna zuwa kallo. Daga baya da Kiristoci suka yi ƙarfi sai suka bi irinsu suna manna musu ganye. Na tambaye shi me ya sa hannuwanta suke haka. Ya ce wanka ta zo yi, ta ji motsin mutum. Na ce ashe tun zamanin nan take ƙoƙarin rufe jikinta ba wanda ya miƙa mata zane. Ya yi dariya ya ce, "Kai ne na farko da na gani ya ji tausayinta, sauran ko dai su yaba ko su tsine." Ban ji daɗin yabon ba. Musulmi ne ni, a ƙofar Makka, ina tausayin dutse.

Farin ya kwana biyu a jikinta, rana da ƙurar teku suna dukansa. Wadda ta cece ni Zakiya ce, wata Bahaushiya haifaffiyar nan da ke aiki a gidan. Ta zo wucewa ta taɓa gefensa, ta dube ni ta ce, "Ya akhi, hada kafan. Likkafani ne wannan, wallah, ummi tana da irinshi daga gida. Na wa?" Na ce na mahaifiyata. Na so ƙasa ta tsage. Ta shiga ciki ta fito da zanen gado, ta sa leburori suka musanya. Wajen janyewa ɗan yatsan dutsen ya kama farin ya yage kaɗan. Na zare zare daga gefensa na ɗinke.

Rigar kuma ba ta shiga ta hannu, tunda hannuwan a manne suke da jiki, sai na yi mata mai maɗauri ta baya. Ranar da na je sa mata, na ji bakina ya yi sallama kafin in matsa kusa. Ki yi dariyarki, na san za ki yi.

Na wanke farin, na sake jiƙa shi da zamzam da ɗan'uwan Zakiya ya kawo a jarka. Amma duk lokacin da na buɗe akwati siffar matar nan nake gani a cikinsa. Na je ƙofar wani malami a nan Nuzla zan tambaya, na tsaya, na kasa haɗa kalmomin, na yi masa tambaya a kan sallar matafiyi na dawo. Ta yaya zan aika wa Inno abin da gunki ya riga ta sawa?

Naki cikin kunya,
Muntaka

*

Malumfashi,
Janairu, 1987

Zuwa ga taubashina, telan gumaka.

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai sanyi. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, har na fara cewa an kama ka.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Wurin sallamar nan na yi ta yi har Malam Abubakar ya leƙo ya ga ko lafiya. Tela da ke guje wa awon matan aure ya je ya auna ta dutse ido rufe. Irin matar nan na taɓa ganin hotonta a wani littafi a kwalejin horon malamai, malamar ta liƙe shafin da gam, mu kuma muka ɗaga shi a hasken taga. Da aka kai mu gidan tarihi na Jos ma mun ga na yumɓu da aka tono a ƙasarmu, ba dukansu ke da riga ba. Ashe ba Turawa kaɗai suka yi wannan ɓarnar ba.

Dariyar ba ta kai ni ko'ina ba. Da yamma na shiga wurin Inno, wani ya riga ya gaya mata an ga ɗan gidan waya a ƙofata. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce gaisuwa ce kawai. Ta ce, "To, Allah ya yi masa albarka." Ni malama, mai dukan yara a kan ƙarya, na dubi makauniyar tsohuwa na shirga mata ita. Har yanzu idan na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi. Ka shafa min kunyarka, ga shi muna ɗauke da ita mu biyu.

Shawarata ita ce ka ninke shi, ka rufe bakinka, ka aiko. Ba wanda ya sani a nan sai ni, ni kuma na ƙulle wasiƙar a ƙasan adakata. Ka wanke, ka sake sa zamzam, me ya rage? Abin da ba ta sani ba ba zai hana ta barci ba.

Kuma ka hanzarta. Sanyin nan ya kama mata ƙirji, ta bar fitowa bakin ƙofa. Mazarin yana gefen shimfiɗarta da ɗan zaren da bai kai ya naɗe yatsa ba. Ranar Juma'a ta kira maƙwabciyarta tana gaya mata inda ta ajiye sabulu da turare. Ka fahimci abin da nake nufi.

Rabi'a

*

Nuzla, Jidda,
Maris, 1987

Zuwa ga Rabi'a.

Ina gaishe ki, ina gaida Malam Abubakar, Allah ya ba Inno sauƙi. Ni lafiya. Ki yafe min ƙaryar da na sa kika yi.

Mai kawo miki wannan takarda mutumin Funtuwa ne da ya zo umra, ya yi alkawarin zai kawo har ƙofarki. Ƙunshi biyu ne a hannunsa. Ɗaya farin Inno ne. Ɗaya yadin Masar ne, sabo, ba abin da ya taɓa shi sai almakashina da ruwan zamzam.

Na auna shawararki, na kasa ɗauka. Na ninke farin na ɗaure da niyyar in yi shiru, sai na tuna ita ce ta yi rayuwarta tana tsare asirin matattu, ba ta taɓa barin a sa wa mace abin da ba ta yarda da shi ba. Ba zan bari a naɗe ta cikin abin da na ɓoye mata labarinsa ba, a ranar da ba za ta iya tambaya ba. Ki fito da wasiƙar nan daga adaka ki karanta mata duka. Kada ki tsallake wurin dariyar leburori, kada ki tsallake kalmar gunki. Sannan ki ajiye mata ƙunshin biyu ta zaɓa. Idan ta ce a ƙona nata, a ƙona. Idan ta ce kada in ƙara kiran ta uwa, ki rubuto min haka yadda ta faɗa, kada ki gyara.

Na san na ɗora miki abin da ni ya kamata in durƙusa in faɗa. In na fita ƙasar nan ba ni da hanyar dawowa, kuma ko da hanya ban san ko bakina zai buɗe a gabanta ba.

Naki,
Muntaka

*

Malumfashi,
Afrilu, 1987

Zuwa ga ɗan'uwana Muntaka.

Assalamu alaikum. Ina fata kana zaune lokacin da kake karanta wannan. Inno ta rasu ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, cikin sauƙi, da kalmar shahada a bakinta. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Jama'a sun taru sosai. Saƙonka ya riske ta da ranta da hankalinta, kuma zan gaya maka yadda aka yi ba tare da gyara ba, kamar yadda ka nema.

Na sallami kowa daga ɗakin, na zauna a bakin shimfiɗarta na karanta. Na ji kamar ni ce tsaye a tsakar gidan attajirin nan. Da na zo wurin da aka buɗe akwatin na rage murya, ta ce, "Ɗaga, ba kurma ba ce ni, kuma ba abin da ke jikin mace da ban wanke ba." Na karanta har ƙarshe. 

Sai ta ce, "Wannan ce takardar da kika ce gaisuwa ce kawai?" Na ce ita ce. Ta ce, "Na ji nauyinta a muryarki tun ranar." Ban iya ɗaga kai ba.

Na ajiye mata ƙunshin biyu. Ta shafa na Masar ta ce, "Yana da laushi. A ajiye wa wadda za ta mutu ba ta da shi." Ta jawo nata, ta shinshina, ta bi shi da yatsu layi-layi har ta tsaya a kan ɗinkinka. Ta ce, "Nan ne yatsan ya kama?" Na ce nan ne. Ta ce ɗinkin ya yi kyau.

Na ce, Inno, maganar gunkin fa? Ta ce, "Ya yi mata sujada ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To dutse ne. A kan dutse muke shanya wanki tun muna 'yan mata, ban taɓa jin ya ɓata tufa ba." Sannan ta yi tambayar da ban zata ba. Ta ce, "Ya ce ta fi shi tsawo. Ya rufe ta duka? Har ƙafa?" Na ce ka ce tun daga ka, ban san ƙafa ba. Ta ce in tambaye ka, don ta daɗe tana tsoron Lado ya rage mata tsawo.

Daga nan ta ce in rubuta wannan da kalmominta, ga shi: "Ki gaya masa, da ya tsaya cikin masu dariya da ƙunshina a hammata, ya kawo min shi fes, da ita ce ranar da zan ji kunyar haihuwarsa. Na yafe masa jinkirin. Sauran ba laifi ba ne balle in yafe."

Akwai abin da ya rage, kuma wannan nawa ne. Ta bar wasiyya cewa in shiga cikin masu yi mata wanka, ni da ban taɓa yi ba. Ana cikin juya ta, zanen da aka rufa mata ya zame. Mata ne kaɗai a ɗakin, tsofaffin da suka saba, ba wadda ta ko motsa. Ni kuwa ban san lokacin da na saki butar ba, sai ganin hannuna na yi ya riga ya ja zanen ya mayar. Tana kwance ba ta da ikon rufe kanta. A nan na tuna da kai a kan katakon nan, na tuna dariyar da na yi maka, na ji kunyar da ta fi duk ta baya. Ka yafe min, taubashi.

Ba sai ka amsa tambayarta ba, na gani da idona. Lado bai rage komai ba. Farin ya rufe ta tun daga ka har ƙafa, har da saura, kuma ɗinkinka ya faɗo daidai kan ƙirjinta.

'Yar'uwarka,
Rabi'a